Littattafan majami'armu ba gadon gidan kowa ba ne

Hukuncin da kwamitin majami'ar ƙauyenmu ya yanke ranar Lahadi kuskure ne, ba zan ɓoye ba. Matasa sun roƙi a ba su izini su ɗauki hoton tsofaffin littattafan ikilisiya da waya, shafi bayan shafi, aka ce musu wai sirrin ikilisiya ne, ba ya fita. Wane sirri? Sunan kakata da ranar da aka yi mata baftisma a rafi shi ne sirri? A zaman nan ɗaya aka amince da kuɗin tayil da sabon janareta ba tare da gardama ba, amma aikin da ba ya buƙatar ko sisi aka hana.

Wanda bai ga akwatin da littattafan ke ciki ba, ba zai gane zafin da nake ji ba. Akwatin ƙarfe ne, yana ƙarƙashin gado a gidan tsohon sakatare. Littafin baftisma na farko gara ta cinye gefensa, sunayen farkon layi sun tafi, sai na uba ya rage. Littafin taron ikilisiya kuwa ruwan damina ya shige shi, tawada ta narke, shafuka sun manne da juna. A ciki ne aka rubuta wanda ya ba da filin da aka yi ginin farko na jinka, da matan zumunta da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, da baiko, wato sadakar majami'a, da aka riƙa bayarwa da dawa da ƙwai lokacin da kuɗi ba su yawaita ba. A ɗauki hotonsu. Abin da ake roƙo ke nan.

Mu 'yan Baftis ya kamata mu fi kowa tsoron wannan asara, domin tsarinmu ya sa kowace ikilisiya tana mulkin kanta. Ba mu da bishop da zai aiko a tattara rajista a kai hedikwata. Abin da ikilisiyar ƙauye ba ta adana da hannunta ba, ba wanda ya adana mata. Tarihin manya yana nan a rubuce: Thomas Bowen ya iso ƙasar Yarabawa a 1850, an kafa ƙungiyar da ta zama babban taron Baftis na Najeriya a Ibadan a 1914, fatake da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa suka kawo ɗariƙar Arewa bayan layin dogo ya kai Kano a 1911. Wannan duk ɗalibin makarantar fastoci zai karanta maka shi. Amma mai bisharar da ya tako da ƙafa ya shigo ƙauyenmu, ya koya wa iyayenmu karatun Hausa da Littafi Mai Tsarki, sunansa ba ya cikin kowane littafin tarihi. Yana cikin akwatin nan ne kawai.

An ce akwai sunayen waɗanda aka yi wa horo saboda laifi, za a tona asirin iyalai. To a rufe waɗannan shafukan, a bar su a hannun fasto da dikinoni, sauran a ɗauka. An ce yaran za su watsa a Facebook. A sa dattijo ya zauna kusa da su har su gama. An ce littattafan sun yi shekara da shekaru ba abin da ya same su. Wanda ya faɗi haka bai buɗe su ba. Kuma duk wanda ya san abin da ya faru a rikicin da ya tashi daga Kafanchan a 1987, da na Kaduna a 2000, ya san wuta ba ta tsallake rajista idan ta kama ɗakin ibada. Mutanen Timbuktu a 2012 sun loda rubuce-rubucen kakanninsu a akwatuna sun kai Bamako da kasadar ransu. Mu waya kawai za mu ɗaga.

Baba sakatare, ina girmama ku, kuma ban manta ba cewa ba don ku ba da ko takarda ɗaya ba ta kai yau ba. Allah ya saka muku. Amma amana aka ba ku, na ikilisiya ne, har da 'ya'yanta da ke Legas da Abuja masu neman ranar auren iyayensu. A ɗauki hoton, a ajiye kofi a ofishin fasto, a kai wani makarantar tauhidi ta Baftis da ke Kaduna, kowane gida mai so a tura masa shafin da ya shafe shi.

Sannan tun da ana maganar kayan da, ina guntun ƙarfen dogo da ake bugawa a kira mutane sujada kafin a sayi lasifika? Na ji an ce an ga 'yan gwangwan suna auna shi a bayan majami'a. Wa ya ba da izinin sayarwa, kuma kuɗin sun shiga wane asusu? Ma'aji ya zo da amsa taron wata mai zuwa.