Wanda bai zauna a Forodhani ba, otal ya gani

Tunda aka fara yayin zuwa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, hoto iri ɗaya nake gani a shafukan 'yan'uwa. Farin yashi, shuɗin ruwa, ango da amarya a kan lilo, kwakwa a hannu. Kusan duka a Nungwi ko Kendwa ko Paje aka ɗauka, a cikin otal mai katanga da mai gadi. Bakin ruwan yana da kyau, ba gardama. Amma in mutum ya zuba kuɗin jirgi daga Kano ko Abuja, ya ratsa ta Addis Ababa ko Nairobi, ya dawo bai yi yammaci ɗaya a lambun Forodhani ba, ni a wurina otal ya gani kawai.

Forodhani ɗan lambu ne a gaɓar teku, a gaban tsohon birnin da ake kira Stone Town. Ba shi da wani girma, kafin shayinka ya huce ka zagaye shi da ƙafa. An shimfiɗa shi a 1936, lokacin bikin cikar Sarki Khalifa bin Harub shekara 25 a kan karaga. In ka juya wa teku baya, ga tsohon sansanin da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal. Kusa da shi ga Beit al-Ajaib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda ya fara samun wutar lantarki a tsibirin. A wannan gaɓa ce jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fada ruwan wuta a 1896, yaƙin da ko awa ɗaya bai cika ba aka gama. Duk wannan kana zaune a benci kake kallonsa.

Sai dai ba tarihin ne ya fi ɗaukar hankalina ba, mutanen ne. Da rana ta yi sanyi bayan la'asar, garin ne gaba ɗaya yake gangarowa. Mata da lulluɓinsu a zaune, yara na guje-guje, dattawa da farar doguwar riga da hula suna hira. In ruwa ya cika, samari su ja da baya, su kwaso gudu, su yi tsalle daga kan katangar teku, wani ya wuntsila a sama kafin ya faɗa, 'yan kallo su ɗau sowa. Ana idar da magariba sai teburan masu abinci su jeru, fitilu a kunne. Ga tsire da suke kira mishkaki, ga kifi da jatan lande, ga urojo, wato romo mai tsami da ake zuba wa dankali da ƙosai. Mai rake yana tura sanda cikin injin hannu, ya lanƙwasa ta, ya cusa citta da lemun tsami a tsakiya, ya sake turawa. Babu ƙofa, babu mai yankar tikiti. Ɗan dako da Baturen da ya zo daga Jamus benci ɗaya suke rabawa.

Lambun nan ya taɓa lalacewa, teku ta cinye katangarsa. Gidauniyar Aga Khan mai kula da al'adu ta gyara shi tare da hukumomin tsibirin, aka sake buɗewa a 2009. Abin da na fi yaba musu shi ne abin da ba su yi ba. Ba su zagaye shi da waya sun ce sai an biya ba.

Ku kwatanta da tsibirin Changuu, wanda kwale-kwale ke kai mutum daga nan cikin kusan rabin awa. Kurkuku aka gina a can a 1893, ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara. Akwai manyan kunkurai da aka kawo kyauta daga Seychelles a 1919, wasunsu sun haura shekara ɗari. Wuri ne mai ban sha'awa, ku je. Amma kuɗin jirgi daban, kuɗin shiga daban, kuma in ka duba waɗanda ke kan layi, baƙi ne. Mutumin gari da ka gani a can yawanci aiki ya kai shi.

Shi ya sa in na ji ana cewa a gina mana wurin shaƙatawa a garuruwanmu nake tambaya, na wa? Abin da muka saba gani shi ne a kafa lilo biyu, a sa kuɗin shiga, a buɗe ranar sallah. Mai 'ya'ya shida sai ya yi lissafi ya fasa. Filayen da aka bari a tsarin unguwanni kuwa, kowa ya san yadda suke ƙarewa, yau ka ga yara na ƙwallo, gobe ka ga an sauke bulo. Ba mu da teku, na sani. Amma inuwar darbejiya da benci da fitila da mai shara ba sai da teku ba.

Kada kuma a ɗauka komai na Forodhani daidai yake. Wani ɓangare na Beit al-Ajaib ya rufta a Disambar 2020 ana cikin gyara, alhali UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya tun 2000. Masu abincin ma ba duka ne na Allah ba. Da sun ga baƙo farashi ya tashi, kuma wani kifin da aka jera ba na yau ba ne. Ku tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta, ku sa a gasa a gabanku. In kuna son na gaskiya, ku duba inda matan garin suka yi layi da kwanukansu, ku bi bayansu.