Fulogi Uku a Bayan Inji

Wai don Allah, masu ƙera motocin zamani sun taɓa riƙe sifana kuwa? Injin V6, mai silinda shida da fulogi shida, uku gaba uku baya, an kwantar da shi a gicciye don a rage tsawon gaban mota, fasinja ya samu wurin miƙe ƙafa. To, madalla. Amma fulogi ukun da ke baya sun maƙale, sai bakanike ya kwance manifol, wato bututan da ke kai iska cikin inji, gaba ɗaya kafin hannunsa ya kai. Aikin minti 20 ya cinye yini, kuɗin aiki ya ninka kuɗin kaya!

Ga kuma bututun ruwa na roba maimakon ƙarfe. Kamfani ya samu sauƙi, zafi ya gasa robar, kana taɓawa ta ɓalle a hannunka.