Masu sharhi ba su zalunci Hancock ba, masu fim ɗin ne suka ji tsoronsa

Duk sanda zancen Hancock ya taso sai ka ji wani ya ce ai masu sharhin finafinai ne ba sa son jarumi mai aibi, wai sun saba da jarumi mai tsabta wanda ba ya kuskure shi ya sa suka yi wa fim ɗin kaca-kaca. Ni ina son fim ɗin nan, wallahi ina son shi sosai, amma wannan maganar kam ban yarda da ita ba, kuma son da nake masa ne ma ya sa nake jin zafin abin da aka yi masa.

Gaskiya ne bai sha da daɗi ba a hannunsu. Ya fito a watan Yulin 2008, Peter Berg ne darakta, Will Smith ne jarumi, a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayoyin masu sharhin finafinai, kashi 40 da 'yan kai cikin 100 kawai na masu sharhi suka yaba masa, alhali 'yan kallo sun yi ta tururuwa har ya tara sama da dala miliyan 620 a duniya, an kashe masa wajen miliyan 150. To daga nan ne mutane suke cewa ka gani ko, jama'a sun so shi masu sharhi sun ƙi. Amma ku tuna a watan Mayun wannan shekarar fim ɗin Iron Man ya fito, jaruminsa Tony Stark ɗin nan mai girman kai, mashayi, mai neman mata, mai sayar da makamai, kuma masu sharhin nan dai su ne suka ba shi sama da kashi 90. Idan aibin jarumi ne ba sa so, me ya sa shi suka rungume shi? Kuma ba duka suka ƙi Hancock ɗin ba, shahararren mai sharhi Roger Ebert tauraro 3 cikin 4 ya ba shi. Abin da akasarinsu suka rubuta kusan ɗaya ne, cewa rabin farko ya yi kyau, rabin ƙarshe ya wargaje. Wannan fa shi ne ainihin abin da ya faru.

Rabin farkon nan ni har yanzu ban ga irinsa ba. Mutum ne da harsashi ba ya huda shi, yana tashi sama, amma a benci yake kwana da kwalbar giya a gefe, gemu buzu-buzu, yaro ƙarami ne ma yake tashinsa ya nuna masa ana ta'asa a talabijin. Ya je ya kama 'yan bindiga amma ya bar wa birnin Los Angeles ɓarnar dala miliyan 9, ya ceci ƙaton kifin teku da ya maƙale a gaɓa ta hanyar wurga shi ruwa ya faɗa kan jirgin ruwan mutane, ya ceci wani mutum mai suna Ray daga jirgin ƙasa amma taragu suka kife, jama'a suka taru suna zaginsa maimakon godiya. Kuma suna da gaskiya fa, wannan ne abin da ya fi burge ni, fim ɗin bai nuna mutanen gari a matsayin butulai ba, ya nuna cewa wanda yake taimakonka yana rusa maka gida yana kuma yi maka rashin kunya, ba dole ka so shi ba. Mu nan mun saba da akta daban bos daban, to ga fim ya haɗa su a jikin mutum ɗaya ya ce ku zauna da shi haka.

Sai Ray, wanda Jason Bateman ya fito a matsayinsa, mai aikin gyara wa kamfanoni suna a idon jama'a, ya ba shi shawarar da babu wanda ya yi zato: ka miƙa kanka a kai ka gidan yari, ka zauna duk da ka san babu katangar da za ta iya riƙe ka. Mutumin da zai iya ficewa a sakan ɗaya ya zauna yana jiran a neme shi, ana zaman tattaunawa da sauran fursunoni ana zagayowa kansa yana cewa a wuce shi, don bai iya buɗe baki ya faɗi damuwarsa ba. Har sai da aka koya masa ya ce wa 'yan sanda sun yi ƙoƙari. Wannan duka labarin mutum ne da yake koyon zama da mutane, ƙarfin da tashi saman duk ado ne kawai.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda Hancock yake cin abinci da Ray da matarsa ya ba da labarinsa, cewa shekara 80 da suka wuce ya farka a asibiti a Miami kansa a fashe bai san ko shi waye ba, a aljihunsa babu komai sai cingam da tikitin sinima guda biyu, kuma babu wanda ya zo nemansa. Guda biyu fa, ma'ana da wani ya je, amma wanin nan bai zo ba. Shi kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa lallai shi mugun mutum ne tunda ba a neme shi ba. Will Smith ya yi wasan nan ba tare da murmushin nan nasa da aka san shi da shi ba, kuma a nan ne ka gane giyar da zagin daga ina suka fito.

To daga nan sai fim ɗin ya juya wa kansa baya. Sai ga shi Mary matar Ray, wato Charlize Theron, ita ma tana da ƙarfi irin nasa, ashe matarsa ce tun shekaru 3,000, an halicce su bibbiyu, idan suna kusa da juna ƙarfinsu yana raguwa, sai faɗa a tsakiyar gari da guguwa da motoci suna tashi. Duka wannan a fim ɗin da bai fi minti 92 ba. Ba wai labarin ba shi da daɗi ba ne, a'a, fim ne na daban mai zaman kansa, aka cusa shi a minti talatin na ƙarshe kamar a ɗinka hannun kaftani a jikin riga 'yar shara. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ya wanke Hancock tas. Da tambayar ita ce shin mutumin nan zai iya gyara halinsa, sai aka ce mana ai dama can shi mutumin kirki ne, mantuwa ce da ƙaddara. Laifin da ya kamata ya ɗauka da kansa aka sauke masa.

Kuma wannan ba haɗari ba ne. Vincent Ngo ya rubuta labarin tun 1996 da suna Tonight, He Comes, labari ne mai duhu sosai, ya yi shekara da shekaru yana yawo a Hollywood daraktoci suna ɗauka suna ajiyewa, ana ta sake rubuta shi. Cikin waɗanda sunansu ya fito a matsayin marubuta har da Vince Gilligan, mutumin da a watan Janairun 2008 ɗin dai ya fito da shirin talabijin mai dogon zango Breaking Bad, inda ya ɗauki malamin makaranta ya bi shi a hankali har ya zama mugu, masu sharhi kuma suka yi ta yabo shekara bayan shekara. Ke nan ba rashin masu iya rubuta mutum mai aibi ba ne. Sau biyu hukumar tantance finafinai ta Amurka tana ba Hancock matakin R na manya, ana komawa ana yankewa har ya samu PG-13, matakin da yara ma za su iya kallo, saboda fim ne na Will Smith a makon hutun 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, kamfanin Sony yana son iyali su shiga da yaransu. Ka ɗauki mashayi mai bakin zagi ka ce dole ya dace da yara, wani abu dole ya karye.

Akwai ma abin da suka taɓo suka saki da sauri. Baƙin mutum da farar mace suna tafiya tare a Miami a farkon shekarun 1930, aka far musu a lungu aka fasa masa kai. Duk wanda ya san tarihin kudancin Amurka a lokacin ya san me hakan yake nufi, amma fim ɗin ya wuce kamar bai gani ba, ko kalma ɗaya ba a furta ba.

Kuma abin takaicin, suna da ƙarshe mai kyau a hannunsu. Su waye suka biyo shi asibiti lokacin da ƙarfinsa ya ragu har harsashi ya fara shigarsa? Red ne, ɗan fashin bankin da ya cire wa hannu, da fursunoni biyun da ya wulaƙanta a gaban kowa a gidan yari. Mutanen da shi da kansa ya jawo ƙiyayyarsu, sun zo ranar da ba shi da abin kare kansa. Da a kan wannan aka gina rabin ƙarshen, da an ba Eddie Marsan fili ya yi wasan Red ɗin nan yadda ya kamata, amma 'yan mintuna kawai aka ba shi, Ray ya zo da gatari ya gama da shi, aka garzaya wajen zana tambarin zuciya a jikin farin wata can a sama.