Jakar ƙasan ido da fuskar da ake komawa da ita gida

Shekarata ta shida ke nan a Istanbul, kuma na saba da ganin maza da bandeji a ƙeya, 'yan dashen gashi, suna yawo a kasuwa hankali kwance. Waɗanda ban gane ba da farko su ne mata masu baƙin tabarau bayan magariba. Ashe yawancinsu fatar ido aka yi musu aiki. Turkawa suna kiran kumburin nan na ƙasan ido göz altı torbası, wato jakar ƙasan ido, kuma a unguwanni irin Nishantashi da Shishli ba ka doguwar tafiya ba ka ga allon likitan da ke cire ta ba.

A gida ban taɓa jin an raɗa wa abin nan suna ba. In ƙasan idon mace ya tasa, tambaya ake yi: kuka kika yi, ko yaro ne ya hana ki barci? In dattijo ne sai a ce girma ne, ko tsayuwar dare. Kakata nata manya ne sosai. In ta yi dariya sai su tattaro su kusa rufe idon, ga kwalli ta zizara raɗau, kuma da wannan fuskar kowa ya san ta.

Bara wata Hajiya, ƙawar mahaifiyata da ke zuwa sarin dogayen riguna a unguwar Laleli, ta ce in raka ta wurin likita in yi mata tafinta. Na ce, "Hajiya, ke ma?" Ta ce, "Ɗiyata, na gaji da sannu. Ko'ina na shiga sai a ce ko ba ni da lafiya, alhali garau nake." Na yi shiru, don maganarta gaskiya ce.

Likitan ya sa ta kalli sama, ya kama fatar ƙasan idon da yatsu biyu ya ja, ya saki, yana duba saurin komawarta. Sannan ya zana mana a takarda. Kitse ne ƙulli uku a ƙasan kowane ido, akwai tantanin da ke tare su, in shekaru suka ja sai ya saki, kitsen ya turo gaba. Ƙarƙashin tudun kuma akwai kwari da ya taso daga gefen hanci ya gangara kunci. Haske in ya zo daga sama, tudun ya yi wa kwarin inuwa. Inuwar nan ce mutane ke yi wa sannu.

Ana shiga ta hanya biyu. Ko a tsaga ta cikin fatar, inda ake zizara kwalli a ɗan gangara, ba tabo a waje. Wani likitan Faransa, Bourguet, ya bayyana wannan tun 1924. Ko a yanka ta waje daf da gashin ido in akwai fatar da ta yi yawa za a rage. Da can kwashe kitsen ake yi. Yanzu da yawa sun fi son su baje shi ya cike kwarin, fatar ido ta haɗe da kunci ba gargada.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, aikin bai fi faɗin ɗan yatsa ba, amma fuskar gaba ɗaya yake taɓawa. Bakin fatar ƙasa a gindin baƙin ido yake zama. In tabo ya ja shi ƙasa ko da milimita 2 ne, fari ya leƙo a ƙarƙashi, ido ya yi zuru kamar na wanda aka tsorata. In aka zarce wurin kwasar kitse, ido ya faɗa, mutum ya koma kamar ya tashi daga jinyar taifot. Akwai kuma ɗan naman da ke tasowa a gindin gashin ido in an yi murmushi. Shi ba jaka ba ne, tsoka ce, har a Koriya kuɗi ake biya a ƙara shi, suna ce masa aegyo-sal. Maƙwabciyata a bene na uku ta ba ni labarin nata aikin: mako biyu tana fama da shuɗi a ƙasan ido, daga baya ya koma rawaya kamar an shafa kurkum. Yanzu wurin sumul yake, ba ƙarya, ta yi ƙuruciya. Sai dai in ta yi dariya baki ne ke yi, idon na tsaye yana kallonka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita tata ta rage ba da labari.

Ba na cikin masu cewa wannan lalacewar Turawa ce. Mu da muka tsaga kumatun jarirai da aska, mu da man bilicin ya cika kasuwanninmu, ba mu da bakin magana. Batun halasci kuma na malamai ne, su ke rarrabe gyaran lahani da neman ƙarin kyau. Damuwata daban ce. 'Yan gida suna zuwa ne da lissafin sari: kwana biyar, otal, direba, aiki, jirgi. Alhali wurin sai ya yi watanni kafin ya zauna, kuma in fatar ta fara juyewa waje ana Kano, likitan yana ƙetaren teku. Ga shi fatarmu in ta ji rauni duhu take ƙarawa. Wani kumburin ma ba na kitse ba ne, saƙo ne daga ƙoda ko maƙoƙo. Akwai kuma zubar jini a bayan ƙwayar ido, ba kasafai ba, amma tana makantarwa. A nan garin neman gira a rasa ido ba karin magana ba ne.

Likitan nan, Allah ya saka masa, bai ɓoye wa Hajiya ba. Ya haska mata fitila daga gaba, inuwar ta gudu, amma wani duhun ya zauna. Ya ce wannan launin fatarta ne, wuƙa ba ta cire shi. Ya ce ta je a auna mata jini da fitsari tukuna.

A tasi ba ta ce uffan ba har muka wuce unguwar Aksaray. Can ta ciro waya, ta juyo kyamara, ta yi murmushi, ta saki, ta sake yi. Ta ce, "Ikon Allah. Wallahi idon Inna ne sak." Sai ta ce wa direba, ta bakina, ya sauke mu inda ake sayar da kwalli.