Hular Baba

Malama na shimfiɗa tabarma a ajin 'yan shekara 5 na wata makaranta a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, sai ga Alhaji. Turarensa ya riga shi sallama.

Alhaji: Malama, kuɗin makaranta nake biya ko kuɗin tuwon ƙasa? Jiya ɗana Sani ya dawo yana dogara sanda, wai shi ne kaka.

Malama: Sannu da zuwa, Alhaji. Darasin iyali ne, yana cikin manhajar 2019. Yara shida a tabarma, minti 15. In suka fi shida sai rigima, in aka zarce lokaci sai kuka.

Alhaji: Jikan fataken goro na Salaga, a ɗaura masa ɗankwali?

Malama: Juyawa ake yi. Hula ta baba, ludayi na mama, sanda ta kaka, tsintsiya ta yaya, goggo ta goya 'yar tsana, na shida ya zama baƙo. In ba a juya ba, ƙaton aji ya riƙe hula har hutu, sauran su ƙare a shara.

Alhaji: To ai ƙaton ajin nawa ne. A ba shi hula.

Malama: Kuma sai na fara tambayar kowa wa da wa ke gidansu. Wani kaka ke riƙonsa, wani kawu. Maraya ba a matsa masa sai ya yi baba.

Alhaji: Nawa ubansa na nan, ga ni tsaye. Wannan ce hular? Wannan tsumman? Ungo tawa. Daga Kano aka kawo, wata biyu ana ɗinkinta, ko Sarkin Zango sai da ya taya.

(Ba wanda ya tambaya.)

Malama ta fito da gwangwanayen madara da aka daddake bakinsu kada su yanki yatsa, da murafun kwalba 20, su ne kuɗi. Ƙirga su take yi a fita, ta ƙirga a dawowa, don ba a rasa mai gwada su a baki. Ba ashana, ba wuƙa.

Malama: Ba na sa musu magana a baki, tambaya ɗaya ce. Yara, gari ya waye, wa zai yi me?

Yaya ta kama shara. Mama ta ɗora tukunya. Sani ya karkata hula, ya miƙe a tabarma, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Alhaji: Kin ga kwarjini? Jini ba ya ɓuya.

Mama: Maigida, kuɗin cefane.

Sani: Ga sidi uku. A sayo waakye (shinkafa da wake) da nama da ƙwai, a kawo mini canji.

Alhaji: Tattali ke nan. Ni na koya masa.

Kaka: Kuɗin maganina fa?

Sani: Sai kaya sun fito daga tashar jirgin ruwa ta Tema.

Alhaji ya ɗan yi tari. Baƙo ya buga benci da ƙarfi.

Baƙo: Salamu alaikum! Mai gidan haya ne. Kuɗin shekara biyu, yau!

(Doka dai ta ce kuɗin hayar da za a karɓa gaba kada ya wuce na wata shida. Ɗan shekara 5 ma ya san ba a Nima ba.)

Sani ya yi wuf ya shige ƙarƙashin benci.

Sani: Ku ce masa na tafi Kumasi!

Alhaji: Ƙarya yake yi mini! Tamale nake cewa!

Aji ya yi tsit. Malama ta duƙa tana gyara tabarmar da ba abin da ya same ta.

Malama: Saura tambayar ƙarshe, ita ce ainihin darasin. Yara, mene ne aikin mama?

Yara: Girki! Wanki! Kasuwa!

Malama: Na baba fa?

Yara: Ɓuya!

Alhaji: Malama, a mayar da shi kaka. Dama sandar ta fi yi masa kyau.

Malama: Sai zagaye ya dawo, Alhaji, ranar Alhamis.

Alhaji: To, kai, fito ka ba ni hulata.

Sani: Malama, ki ce masa na tafi Tamale.