Ƙafar mota ba ta mutuwa rana ɗaya

Jama'a dan Allah ku bari in yi magana a kan ƙafar mota, wato su shokozoba da sauran ƙarafan da suke riƙe taya a jikin mota, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Satin da ya wuce ina dawowa Gombe daga Bauchi, mun ɗan wuce Alkaleri kenan sai ga wata Sharon ta durƙusa a gefen titi, tayar gaba ta kwanta ta shige ƙarƙashin mota, mata da yara an fito ana zaune a gindin bishiya. Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Na tsaya na yi musu sannu, direban yake ce min bol join ne, wato mahaɗar da ta riƙe taya, ya zare, wai dama ya kwana biyu yana jin ƙara amma yana so ya ƙara lodi biyu uku tukuna. Da rayukan mutane a ciki fa. Ban yi masa faɗa ba don na san halin da ake ciki, kayan gyara sun yi tsada, amma wallahi har na shigo gari gabana bai daina faɗuwa ba.

Mutane suna yawan tambaya wai shokozoba shekara nawa take yi. Toh ba da shekara ake lissafinta ba, da tafiya ne da kuma irin hanyar da ake bi. Kamfanonin da suke ƙera ta sukan ce a duba ta sosai in ta kai kilomita 80,000, a hanya mai kyau kuma tana iya wuce haka nesa ba kusa ba. Amma ku yi lissafi da ni, Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 150 ne, ɗan haya da yake zuwa ya dawo kullum ya ci 300 kenan, kafin kwana 270 ya cinye 80,000 ɗin nan, ko shekara bai rufa ba. Wannan ma in kwalta ce sumul, balle ga ramuka ga gargada ga buhunan masara da wake an danna a but har bayan mota yana neman jan ƙasa. Sannan yawancinmu tokumbo muke hawa, wata mitar ta mutu wata an juya ta tun kafin motar ta iso hannunka, to da me za ka ƙirga? Shi ya sa ni na daina dogara da mita, kunnena da idona nake bi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka ɗauki shokozoba kaman kayan jin daɗi ne kawai, wai in ta mutu ai jijjiga ce za a sha shikenan. Ba haka ba ne. Sifirin shi yake ɗaukar nauyin mota, ita kuma shokozoba aikinta ta hana motar yin ta tsalle, ta danne taya ta zauna a kan kwalta. In ta mutu taya tana ta tashi tana sauka, ka taka birki mota ta duƙa da goshi ta ƙi tsayawa inda ka zata, a kwana kuma ka ji tana lilo kaman kwale-kwale. Ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo maka ranar za ka gane bambancin. Duba ta ba wuya, ka leƙa ka gani ko mai yana tsiyaya a jikinta, ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki, in ta tashi ta zauna lafiya lau, in ta ci gaba da rawa to ta gama. Ka shafa tayar ma, in ka ji ta cinye tudu da kwari tudu da kwari ita ce.

Su bushin (robar da ake sawa a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe) da linkej (ɗan sandan da ke haɗe da ƙarfen hana mota lilo) da tayarod (ƙarfen da ya haɗa sitiyari da taya) da bol join kuwa sun fi saurin tafiya a wajenmu, don roba ce da giris, ga zafin rana yana busar da roba ta tsattsage, ƙurar hunturu ta shiga, damina ta zo ruwa ya wanke sauran giris ɗin. Da zarar 'yar robar da ta rufe bol join ta yage to kwanansa ya kusa. Linkej in ya mutu ƙwas ƙwas zai dame ka da shi a gargada, za ka iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata. Amma bol join da tayarod ba a lallaɓa su, ɗaya shi ya riƙe taya ɗayan shi yake juya ta. In sitiyari ya fara wasa ko kana jin gum in ka faɗa rami, ka kai gareji a ɗaga motar a girgiza taya a gabanka.

Wani abu kuma, dan Allah a daina canza shokozoba guda ɗaya. In ta hagu ta mutu ta dama ma tafiya ɗaya suka yi, a sa biyun tare. Ni na taɓa sayen 'yar Beljiyam guda ɗaya don in rage kuɗi, wani bakanike ya rantse min garau take, wata uku ba ta yi ba ta fara zubar da mai, na biya kuɗin aiki sau biyu ga taya ɗaya da ta cinye a banza. Ba na ce duk Beljiyam ba ta da kyau ba, amma wani ne ya hau ta a can, ba ka san nawa ta ci ba. Kuma in an taɓa tayarod ko lowa am (ƙarfen ƙasa da ya haɗa taya da jikin mota) a wuce a yi alaimen, wato saitin tayoyi, ranar, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye gefe ɗaya kana kallo. Bushin kuma a sauke mota ta zauna da nauyinta kafin a ƙarasa ɗaure noti, yara da yawa a gareji suna ɗaurewa tana kan jak, robar ta murɗe ta yage da wuri.

Ni dai yanzu duk sanda na je juyen baƙin mai nake sa a ɗaga min gaba a girgiza tayoyin nan, minti biyar ne. Jibi zan bi hanyar Dukku da iyali, gobe da safe insha Allah zan fara biyawa gareji, don akwai wata 'yar ƙara da na fara ji ta ɓangaren dama tun ranar Juma'a.