Hoto Ba Ya Tafiya da Ƙafarsa

Tun da bidiyon tsiraicin wata yarinya ya shiga gari, maganar da ke yawo ɗaya ce: "Wa ya aike ta?" Haba jama'a! Har yanzu ba wanda ya tambayi wanda ya fitar da shi. Hoto ba ya tafiya da ƙafarsa, wani ne ya danna ya tura. Kuma duk mai rubuta "a turo min in gani" yana da kamasho a laifin.

Masu fitarwar ba ɓoyayyu ba ne. Saurayin da aka mayar wa kayan sa-rana, mijin da aka rabu dutse a hannun riga, ƙawar da kishi ya ci, da yaron da ke neman suna a guruf ɗin abokai. Sai mai neman kuɗi: ya buɗe shafi da hoton mace, ya yaudari saurayi ya aiko da tsiraicinsa, sannan ya ce a biya ko ya tura wa dangi. A Yulin 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ta rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya kan wannan sana'ar, kuma maza ne aka fi farauta. To ina masu cewa matsalar 'yan mata ce?

Za a ce da ba ta ɗauka ba da ba a gani ba. Wannan wa'azin na iyayenta da malaminta ne, ba ya wanke mai yaɗawa. Kuma da yawa ba su aika wa kowa ba. An kai waya gyaran gilashi, an bayar da lambar buɗewa, mai gyara ya kwashe hotunan ta manhajar Xender cikin minti biyu. An goge hoto, amma yana nan a ma'ajiyar abin da aka goge, kwana 30 a iPhone, ga kwafinsa a Google Photos. Wani ya ari wayarki ya haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutarsa, yana karanta komai daga ɗakinsa. Hoton kallo-ɗaya ma, mai ɓacewa da an buɗe shi, wata wayar ake sawa a ɗauke shi daga fuskar allo. A kowane ɗaya akwai hannun mutum.

Abin da ke ƙara musu ƙarfi shirunmu ne. Sun san iyaye za su ce a rufa asiri, ba mai zuwa wurin 'yan sanda. Alhali sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 ga mai yaɗa irin waɗannan hotuna.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, in ana yi maka barazana kada ka biya ko sisi, wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. Ɗauki hoton saƙonnin da lambar asusun da ya turo kafin ka toshe shi, ka faɗa wa babba ɗaya da ka yarda da shi. Akwai shafukan intanet biyu na hana yaɗuwar hoton: StopNCII na taimakon 'yan shekara 18 zuwa sama, Take It Down na waɗanda ba su kai 18 ba. Dukansu lambar shaidar hoton suke ɗauka, hoton bai barin wayarka, sai Facebook, Instagram da TikTok su tare shi.

Af, masu musayar waya a kasuwa: ku cire katin memori, ku fita daga asusun Google, ku mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ku miƙa.